Surukina a Kan Bencin Ɗalibai

Na daɗe a aikin nan har furfura ta same ni a cikinsa, kuma gaskiya abubuwa da yawa sun zube mini a hanya. Wani sai ya tare ni a kasuwa da gemunsa ya ce shi ne wane, in yi ta "a'a, ashe kai ne!" alhali wallahi ban gane shi ba. Amma akwai al'amari guda da ko na tsufa har na fara neman hular da ke kaina, ba zai fita daga raina ba. Shi ne abin da ya faru a shekarar da aikina da surukina suka sa ni a tsakiya, kowa na ja.

Ni mai ba ɗalibai shawara ne a wata lise, wato babbar sakandare, a nan Maraɗi. Yaro ya kusa bak, wato jarrabawar da ake yi kafin a shiga jami'a, bai san inda zai dosa ba, sai ya zo ɗan ɗakin da muke kira biro, mu duba ƙoƙarinsa, mu duba abin da ransa ke so, in shimfiɗa masa hanyoyin da ke akwai. Ƙa'idojin aikin ba su da yawa. Ba na zaɓa wa yaro, ba na yi masa ƙarya don in karkata shi, sannan abin da ya faɗa mini a ɗakin nan, a ɗakin yake kwana, sai fa in abu ne da zai cutar da shi ko wani. A baki abin da sauƙi. Ni ma da sauƙi na ɗauke shi, don a lokacin ba a taɓa gwada ni da gidan surukai ba.

To ni Bagobiri ne, haifaffen Tibiri, kuma kun san wasan da ke tsakaninmu da Katsinawa. Duk Bakatsinen da na gamu da shi, ko gemunsa ya kai cibiya, sai na tuna masa cewa ubangidansa ya iso. Da Allah ya tashi kama ni, sai ya sa na auri 'yar Bakatsine. Mahaifinta babban Alhaji ne a unguwar Zariya, ɗan kasuwar hatsi da atamfa, motocinsa na ƙetara iyaka suna dawowa. Shi kaɗai ne Bakatsinen da bakina ke mutuwa a gabansa. Duk Juma'a in na je gaisuwa, tun daga ƙofar gida nake tuɓe takalmi, in durƙusa can gefen tabarma, idona a ƙasa. In an kawo abinci in ce na ƙoshi, ko da cikina na kiran ciroma. Shi kuma ba ya kallona kai tsaye, sai ya dubi bishiyar da ke tsakar gida ya ce, "Malam, ya yaran?" In amsa wa tabarma.

Alhaji yana da auta, ƙanin matata, kuma a lise ɗinmu yake, ajin ƙarshe. Tun yana tatata ake ce masa ɗan duwan, wato ɗan kwastan, a gidan, domin Alhaji ya riga ya yanke masa aiki. Dalilinsa kuwa kowa ya haddace shi. Yakan ce, "Na ƙare ƙuruciyata tsaye a rana gaban masu kaki ina jiran a duba kayana. Kafin in mutu ina so in ga mai kaki ya durƙusa ya ce mani Baba." In ya faɗa sai a yi dariya, shi kuwa ko murmushi ba ya yi.

Wata rana da bazara, zafin nan da ke sa mutum ya ji haushin rigarsa, sai ga yaron a ƙofar biro. Ya yi sallama, ya kira ni yadda ɗalibai ke kiran malamansu da Faransanci, ya ce, "Mushe, in shigo?"

Na ce, "Yau kuma Mushe? Ina Yaya ta tafi? Ko sai za ka cinye mani tuwo nake zama Yaya?"

Bai yi dariya ba. Nan na gane ba wasa ya kawo shi ba, na ce ya zauna. Na faɗa masa abin da nake faɗa wa kowane ɗalibi, cewa maganarsa amana ce, in dai ba wadda za ta halaka shi ba ce. Sannan ya fara. Abin da zan faɗa yanzu, da izininsa nake faɗa. Yau shi da kansa yake ba da labarin a majalisa, har da ƙarin gishiri.

Ashe duk Asabar da Lahadi da yake cewa a gida ya tafi kur, wato ƙarin darasi, Jiratawa yake nufa a kan babur ɗinsa. Mahaifin wani abokinsa manomin rani ne a can, ya yanka masa 'yan fangaloli, shi kuma ya dasa albasa. Da ya fara bayanin yadda ake jiran layin ruwa, da yadda ake gane ƙasar da ta gaji, da wani ƙwaro da ke cin ganye, sai na ga yaron da ko gaisuwa da ƙyar yake ƙarasawa ya zama mai wa'azi. Sai da na ɗaga masa hannu. Ya ce shi ilimin noma yake so ya karanta a jami'a, kuma in an sa masa kaki, gawarsa aka sa wa.

Na ce, "Sannu, ba a mutuwa da kaki, mutane na cin abinci da shi." Na zauna na faɗa masa gaskiyar kowace hanya. Aikin duwan aiki ne mai albashi da mutunci, amma sai an ci jarrabawar shiga, kuma masu nema sun fi guraben yawa. Ilimin noma yana da daɗi ga mai sonsa, amma na san waɗanda suka gama suna zaune a gida suna jiran aiki, kuma albasar Asabar da Lahadi daban take da wadda za ka ciyar da iyali da ita. Ban ɓoye masa ko ɗaya ba. Na kuma ce masa tunda ni mijin yayarsa ne, ba lallai idona ya ga daidai ba, don haka ya je ya ji ta bakin wata abokiyar aikina da ba ta haɗa komai da gidansu ba. Ya je kuwa, ya dawo yana nan kan bakansa.

Abu ɗaya na ƙi lamunta. Na ce, "Maganar kur ɗin nan ƙarya ce, kuma ba zan taya ka riƙe ta ba. In an tambaye ni, ba zan ce kana kur ba. Ka nemi rana ka gaya wa Baba."

Ya ce, "Sai bayan bak, Yaya."

Na ce to. Ashe Alhaji ba zai jira bak ba.

Ba a daɗe ba matata ta tare ni da cewa, "Baba na nemanka bayan la'asar." Na san ba lafiya ba, don ranar ba Juma'a ba ce, kuma tun da na shiga gidan ba a taɓa nemana ba, ni nake kai kaina. Na je na tuɓe takalmi, na durƙusa a wurina. Alhaji ya sallami mutanen da ke tare da shi, ya dubi bishiyarsa.

Ya ce, "Malam, yaron nan ya yi baƙi. Dugadugansa sun tsage. Babur ɗinsa kullum da laka. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma ka gaya mani, wane irin kur ne ake yi a cikin laka?"

Na sunkuyar da kai ina duban tabarma.

Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Ko ya shiga masu jigilar mai ta daji, ko ƙwaya ce, ko wata yarinya ce a ƙauye. An ce mani yana shiga wurinka ya daɗe. Abu biyu nake so. Ka gaya mani abin da ya ce maka. Sannan ka kira shi ka ce ka duba takardunsa, ka ga ba abin da ya dace da shi sai duwan. Daga bakinka zai fi ji, tunda ku ne masu biro."

Jama'a, na sha shiga tsaka mai wuya, amma ban taɓa jin gumi na bin bayana har cikin wando ba sai ranar. Mutumin da ban taɓa ce wa a'a ba, ko a kan ruwan sha, yau ya kawo mini buƙata biyu, kuma duka biyun ba na iya yi. Na ji wata zuciya na cewa, kai, faɗa masa mana, albasa ce fa, ba gawa aka binne ba. Wata kuma na cewa, albasar ce dai, amma ba taka ba ce.

Na ce, "Baba, a gafarce ni. Da abin cutarwa ne, wallahi ba sai an aiko ba, da gudu zan zo. Ba mai ba ne, ba ƙwaya ba ce, ba kuma abin kunya ba ne. Wannan na rantse. Amma abin da ya faɗa mani amana ce ta aiki, daga bakinsa ya kamata a ji. Maganar takardu kuma, Baba, ba haka suka nuna ba, ba zan iya ce masa haka suka nuna ba."

Ranar ce Alhaji ya fara kallona ido cikin ido, kuma da na san haka kallon yake da ban taɓa fatarsa ba. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Na ba ka 'ya, kai ba ka iya ba ni magana?"

Maganar nan ta soke ni, har yau in na tuna ina jin ta. Na ƙara sunkuyar da kai na ce a yi haƙuri.

Ya ce, "Ba komai. Tunda lakwal ɗin taku ta zama wurin ɓoye wa uba ɗansa, ya gama ta. In watan nan ya mutu ban san inda yake zuwa ba, zai bi mota, ya zauna cikin yarana inda ido ke kansa. Bak ɗin ku riƙe abinku. Tashi, Allah shi yi albarka."

Na fito har na yi nisa kafin in lura takalmina na hannu.

A gida kuwa labari ya riga ni isa. Matata ta fara da lallashi. Ta yi mini dambu da zogale, ta zuba mai har yana ƙyalli, ta zauna kusa tana yi mini fifita, abin da rabona da shi tun muna amarci. Sai da na kai loma ta ce, "Ni dai ai ba Baba ba ce. Ɗan raɗa mani, ko bango ba zai ji ba."

Na ce, "Ke da kike waya da Hajiyarku kafin ki wanke fuska?"

Ta janye fifitar. Washegari aka koma fushi, kwano ma da ƙarfi ake dire mini shi. Amma ba zan zalunce ta ba, tsoro ne ke cinta. Ta ce, "Malam, in aka cire yaron nan daga lakwal saboda taurin kanka, me amanar ta amfana masa?" Tambayar da ni ma nake yi wa kaina ke nan, dare da rana. In na yi shiru yaro na iya rasa jarrabawar da ya yi shekaru yana wa wahala. In na buɗe baki kuma, na nuna masa, na nuna wa duk ɗaliban da za su ji, cewa amanar ɗakin nan iyakarta ƙofar babban mutum.

Da abin ya ishe ni, sai mai ba da shawara ya hau kabu-kabu ya tafi Tibiri neman shawara. Na samu Inna, mahaifiyata, tana tsince wake a inuwa. Na ba ta labari sama-sama, ban faɗi sirrin ba, ina jiran ta ce ɗana ya yi daidai. Ta ajiye faifai ta dube ni.

Ta ce, "Kai yanzu surukin naka ka ce ma a'a? Da bakinka? Kana durƙushe?"

Na ce, "Inna, aikin ne haka."

Ta ce, "Wane irin aiki ne wannan, gwamnati ta biya ƙato ya saurari yara ya yi shiru? Ni tun da ka fara shi ban gane ba. In maƙwabta sun tambaya cewa nake malami ne, don kar a yi mani dariya. Yo mu da aka ce za mu auri iyayenku wa ya tambaye mu? Ga mu nan ba mu mutu ba. Ka koma ka ba mutumin nan haƙuri, kar Katsinawa su ce Gobir ba ta da tarbiyya."

Sai kuma ta matso ta rage murya ta ce, "To wai me yaron ya ce maka?"

Na yi dariya har na ƙware. Na ce, "Inna, har ke?" Ta ce in tashi in ba ta wuri. Na dawo Maraɗi da ƙullin daddawa, ba tare da ko mutum ɗaya a bayana ba.

Abin da ya rage mini ɗaya ne, in koma wurin mai maganar. Na kira yaron biro na gaya masa duk yadda muka yi da mahaifinsa, ban rage ba, har da zancen bin mota. Na ce, "Ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma shiruna ba zai zauna maka jarrabawa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "To Yaya, na yarda, kai ka gaya mashi."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi, don ga ƙofa ta buɗe, in je in wanke kaina wurin Alhaji in dawo cin dambu lafiya. Amma da na sake tunani sai na ga ba ni ne ke buƙatar wankin ba. Uban da ya ji daga bakin suruki cewa ɗansa ya yi watanni yana masa ƙarya, ƙaryar kaɗai zai ji. Na ce, "Zan zauna kusa da kai, in aka ɗaga sanda mu raba. Amma bakin naka ne." Ya ce shi bai san ta inda zai fara ba, bai taɓa haɗa jimla uku a gaban Baba ba. Na ce to ya fara da abin da ya iya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina durƙushe a wurina, Alhaji ya amsa gaisuwata da "lafiya" guda ɗaya busasshiya, sai ga yaron ya shigo rungume da buhu. Ya dire shi gaban mahaifinsa ya kwance baki. Albasa ce ja, tana sheƙi. Alhaji ɗan kasuwa ne, hannunsa ya riga tunaninsa kai wa buhun. Ya ɗauki ɗaya ya jinjina, ya matsa, ya ɓare bawo, ya kai hanci.

Ya ce, "Ta ina ce?"

Yaron ya ce, "Jiratawa, Baba."

Alhaji ya taɓe baki. "Ta sha ruwa da yawa. An yi gaggawar cire ta, dubi wuyanta bai bushe ba. Wannan ba ta ajiyuwa, kafin damina ta ruɓe. Wane ragon manomi ne ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

Yaron kuwa da ya ga ya riga ya faɗa ruwa, sai ya yi ta iyo. Ya faɗi komai: ba kur yake zuwa ba, ya yi ƙarya, a yafe masa, shi noma yake so ya karanta, ba ya son kaki. Ni ina gefe ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Alhaji bai dube shi ba. Ya sake zura hannu cikin buhun har gwiwar hannu, ya zaro wata daga ƙasa, ya juya ta.

Ya ce, "Kuma ƙananan sun yi yawa."

Ya miƙe ya shige ɗaki.

Yaron ya fita yana share hawaye. Ni ma na tashi, na ce shi ke nan, na kashe yaro da ƙa'ida. Na isa gida na ba matata labari kamar mai kai ta'aziyya. Ga mamakina sai ta ce, "Tsaya. Ya taɓa?" Na ce ya taɓa. "Ya sansana?" Na ce har da ɓare bawo. "Ya zaro ta ƙasan buhu?" Na ce ya zaro, kuma ya kushe ta tas. Sai ta kwashe da dariya har da tafi.

Ta ce, "Kai Malam, ka shekara nawa a gidanmu ba ka san Baba ba? Kayan da ba ya so ko kallo ba su ishe shi ba, cewa yake Allah shi kawo kasuwa. Wanda ya tsaya kushewa, shi ya shiga ransa. Ranar da iyayenka suka zo neman aurena me ka ji ya ce? Cewa ya yi Bagobiri ne, ga shi siriri, albashinsa ko akuya ba ya ciyarwa. Da Hajiya ta ji haka sai ta fara sayen kwanoni."

Na ce, "To madalla, yau na san farashina." Amma ta ƙara da cewa kar in yi saurin murna. Albasa ta burge shi, wannan daban. Kakin da ya shekara yana mafarki kuma daban, kuma Baba in ya ce zai cire yaro, yana iya cirewa ko don kar a ce ya janye magana. Haka muka zauna, wata na ta ƙarewa, Alhaji bai ce uffan ba. Yaron na zuwa aji kullum kamar wanda ke jiran a kira sunansa a kotu.

Wata safiya ina biro sai na ji hayaniyar ɗalibai a waje. Na leƙa. Wa zan gani? Alhaji ne ke saukowa daga kabu-kabu, da babbar riga da rawani. Wai ya bar motarsa a gida ne don kar a gane shi! Duk makarantar ta fito kallo. Ya tako har ƙofata ya yi sallama. Ni kuwa jikina bai yi shawara da ni ba, na tuɓe takalmi a cikin biro ɗina, na zagayo tebur na durƙusa a kan siminti.

Ya ce, "Tashi ka hau kujerarka."

Na ce, "Haba Baba, ina ni ina kujera kana nan."

Ya ce, "Yau ba wurin suruki na zo ba, wurin Mushe na zo. Ina yaran ke zama?"

Na nuna masa bencin, wani ɗan guntun katako da ɗalibai suka gama zane da alƙalami. Ya tattare rigarsa ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Na hau kujera da rabin jiki, ina jin kamar na hau kan rufin masallaci. Ya sa na tura ƙofa.

Ya ce, "Abin nan da ka yi mani ran nan, na ji zafinsa. Kowa haka kake yi ma, ko ni ka raina?"

Na ce, "Kowa ne, Baba."

"In mutum ya yi magana a ɗakin nan, ba ta fita?"

"Ba ta fita, sai in rai za ta taɓa."

"Ko matarka ta tambaya?"

"Ta gwada da dambu, Baba, ba ta samu ba."

Na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce, "Ko uwarta?"

Na ce, "Ko ita."

Ya yi ajiyar zuciya, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Sannan Alhaji, mutumin da ke da 'ya'ya da yara da abokan ciniki har ƙetaren iyaka, ya fara magana, kuma na gane ya daɗe yana neman inda zai sauke ta bai samu ba. Ya daɗe yana yi. Ni ban yi wata gwaninta ba, saurare kawai na yi, in ya tambayi abin da na sani game da karatun in faɗa masa gaskiya, mai daɗi da marar daɗi, kamar yadda na faɗa wa ɗansa. Da ya gama ya goge ido da bakin rawani, ya mai da tabarau, ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Ka ce ma ragon manomin nan ya ci bak ɗinshi tukuna. In ya faɗi, ko gonar ba ni ba shi."

Yaron ya ci. Ya karanta nomansa, ya sha zaman jiran aiki kamar yadda na gaya masa, har ya taɓa zuwa ya ce mini da ya sani da kakin ya ɗauka. Na ce ya yi haƙuri, ni ban sayar masa da tabbas ba. Yanzu yana Jiratawa tare da manoman rani, yana da iyalinsa, ya ma ƙara baƙi.

Na san abin da kuke jira. Kuna so ku ji me Alhaji ya faɗa a kan bencin nan. Matata ta shekara tana bi ta ƙasa ta bi ta sama. Yaron ya tambaya, Hajiya ta aiko a tambaya. Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama, bayan an share makoki wani daga cikin 'ya'yansa ya ja ni gefe ya ce ai yanzu mai maganar ba ya nan. Na ce shi ya sa ma ba wanda zai ba ni izini. Ku ma sai ku yi haƙuri, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Abin da na koya shi ne, amanar ƙaramin mutum ita ce ake gwada ka da ita, kuma wanda ya matsa maka ka karya ta, yana kallo ne ya ga ko kai wurin ajiya ne. Da na buɗe wa Alhaji cikin ɗansa a ranar da ya nema, da ya ji daɗina na yini ɗaya, da kuma ya tafi kabari da nasa kayan a ka, don ya riga ya san bakina ba ya riƙe komai. Na hana shi magana guda, ashe wurin da zai ajiye tasa nake tanadar masa.